Rakiyar mota da kyamara: kundin aikina a bakin titin Zariya

Asabar, 7 ga Disamba, 2024

Kawu ne ya jawo wannan aiki. Motocin Beljiyam yake sayarwa, kuma shekara uku ke nan ni nake ɗaukar masa hotunan da yake sakawa a Instagram da WhatsApp: mota a tsaye cikin fili, an wanke ta, an goge tayoyi suna sheƙi, gaba, baya, gefe, kujeru, mita. Shekaranjiya ya miƙo mini wayarsa, hoton wata mota ce a talla. Ita ta fito tar, bishiyoyin da ke bayanta kuwa sun zama zane-zane kamar an ja tsintsiya a kan ɗanyen fenti.

"Kai ɗan nan, irin wannan nake so. Kowa a layinmu motarsa a tsaye take kamar wadda injinta ya buga."

"Kawu, wannan fa ba hoton biki ba ne, sai na koya."

"To koya mana. Mai dai ni zan zuba."

Masu sana'a fanin suke ce wa dabarar. Ni rakiya na sa mata suna, don abin da ake yi ke nan. Ka rage saurin shota, wato labulen da ke buɗewa ya rufe don haske ya shiga kyamara, ka kama mota da kyamara tun tana nesa, ka bi ta da juyin jikinka daidai da gudunta, ka danna, ka ci gaba da binta har ta wuce. Tunda motar ba ta bar gurbinta a cikin hoton ba sai ta fito garau, duk abin da yake tsaye kuma ya shafe.

Abin da nake da shi: kyamara Canon 80D, da lensi 70-200 f/4 mai IS (na'urar rage rawar hannu) da na saya na hannu, da 18-135 ɗin da nake zuwa biki da shi, da wani mai ƙafa uku (abin da ake ɗora kyamara a kai) na shago mai kan ƙwallo. Na ɗibar wa kaina zuwa ƙarshen Janairu in kawo hotuna 12 da za a buga manya ban sunkuyar da kai ba.

Lahadi, 8 ga Disamba

Fita ta farko, ni da yarona na shago. Mun wuce Na'ibawa kaɗan muka tsaya ta gabashin titi don rana ta zama a bayanmu. Motocin da ke shigowa Kano su ne a hannunmu, suna wucewa daga hagu zuwa dama.

Na fara da shota a 1/500 na sakan saboda tsoro. Hotuna sun fito fes, amma sai ka rantse direba fakin ya yi a tsakiyar titi, har ƙusoshin taya kana iya ƙirgawa. Na sauko 1/60, komai ya dagule: mota ta shafe, titi ya shafe, bishiya ta shafe. Ga haske ya yi yawa, ina kan ISO 100, inda kyamara ba ta jin haske sosai, amma sai da na matse ƙofar lensi zuwa f/22, duk ƙurar da ke kan sensa, farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, ta fito ɗigo-ɗigo a sararin sama kamar ƙyanda.

Hoto 412. Da na zauna gaban kwamfuta da daddare, 6 ne suka tsira, su ma da lallami. Kafaɗata ta dama kamar na yini ina daka.

Laraba, 11 ga Disamba

Yau ban fita ba, biro da takarda na ɗauka.

Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 16.7 a sakan guda. A cikin 1/60 na sakan ta matsa kusan santimita 28, kuma tsawon jan da bango zai yi a bayanta ke nan, ko kusa da haka. Tayar 195/65 R15, irin wadda ke ƙarƙashin Golf da Corolla da yawa, kewayenta kusan mita 2 ne, wato tana juyi takwas da ɗoriya a sakan. A 1/60 ta juya kusan digiri 50, ƙafafun rim sun narke sun zama faifai. A 1/500 kuwa digiri 6 kacal. Shi ya sa hotunan farko na ran Lahadi suka yi kama da na filin Kawu.

Lissafi na biyu ne ya ba ni haushin kaina. Mita 6 kawai na bari tsakanina da motoci. A wannan kusanci, lokacin da mota ta zo daidai gabana, sai na juya kusan digiri 160 a sakan kafin in riƙe ta. Wa zai iya wannan a natse? In na ja baya zuwa mita 25, digiri 38 ya ishe ni. Kuma a mita 25, lensi yana kan 70, faɗin abin da 80D ke gani kusan mita 8 ne, mota mai mita 4 da rabi ta zauna daram da sarari gaba da baya.

Na ware ɓatattun hotunan gida-gida. Akwai waɗanda rubutun jikin mota ya ja sama da ƙasa, wannan rawar hannu ce. Akwai waɗanda ya ja gefe, wato ko na riga motar ko ta riga ni. Kashi na uku ne ya ɗaure mini kai: ƙofar direba ta fito ras, bamban gaba da na baya sun shafe. Sai da na zana a takarda na gane. In kana kusa, gaban mota da bayanta ba su da nisa ɗaya da kai, don haka ba sa ratsa idonka da sauri ɗaya. Wuri guda kawai za ka iya rakawa. Maganinsa nisa da dogon lensi, da danna shota lokacin da motar ta ba ka gefenta sosai. Tirela kuwa sai haƙuri, kanta za ka raka ka bar bodi ya yi abin da ya ga dama.

Sai abin kunya: maɓallin IS na lensina a kan 1 yake tun ranar da na saye shi. A 1 yana ƙoƙarin kashe duk wani motsi, har da juyin da nake yi da gangan, muna ta ja-in-ja da shi ban sani ba. A 2 yana barin motsin gefe ya gyara na sama da ƙasa kaɗai. Na mayar.

Na kuma sayi filta mai rage haske, ND8, mai cin mataki uku. Bakin lensunan nan biyu duk milimita 67 ne, ɗaya ta wadatar.

Asabar, 14 ga Disamba

Mun koma wuri ɗaya, amma na haura wani ɗan tudu bayan kwalbati, taku 30 daga kwalta. Da filta ina samun 1/60 a wajen f/8, ɗigon ƙura ya ɓuya. Fokas na mayar AI Servo, mai bin abin da ke motsi, ɗigo ɗaya na tsakiya, ina ɗora shi kan madubin gefe ko marikin ƙofa. Harbi a jere, 80D tana yin 7 a sakan, amma uku ko huɗu nake saki a daidai tsakiya.

Babban abin da na koya yau a ƙafa yake. Da ina fuskantar inda mota ke fitowa, in ta iso gabana jikina ya riga ya murɗe, ƙarshen rakiyar sai ya zo da fizga. Yanzu ina kafa ƙafafuna suna kallon inda zan danna, har ma in ɗan karkata su wajen da motar za ta ɓace, sannan in murɗa ƙugu zuwa hagu in tarye ta. Jiki yana warwarewa da kansa kamar igiyar da aka saki. Gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, kyamara a danne da gira, hannaye ba su da aiki sai riƙo. Ƙugu ne ke tuƙi. Kuma in shota ta gama kada ka tsaya, ka raka baƙo har ƙofar gida.

A Daidaita Sahu ne malamina. Ba ya gudu sosai, rawayar fentinsa tana kama fokas nan take, kuma ba sai ka jira ba, kafin ka numfasa wani ya taho. Mai gudun 30 a 1/30 yana ba da ja iri ɗaya da mota mai gudun 60 a 1/60. Illarsa tsalle, ƙananan tayoyi ba sa raina rami.

Hoto 350, masu kyau 31. Yarona ya ce, "Oga, yau kam har fasinja ana ganewa." An gane ɗin, wata baiwar Allah ce da buhun albasa a cinya, don haka wannan ba zai fita daga kwamfuta ba.

Lahadi, 22 ga Disamba

Ranar mai ƙafa uku.

Nawa na shago ko minti goma bai yi ba na naɗe shi. Kan ƙwallo in ka ɗaure ba ya juyawa, in ka sassauta lensi ya rusuna kamar mai gaisuwa. Ba shi da makunnin juyi na daban. Na san haka zai faru, shi ya sa na aro na wani abokina mai bidiyon biki, irin mai dogon hannu wanda kansa ke tafiya sumul saboda ruwan maiƙon da ke ciki.

Sai ka daidaita shi tukuna, ka sa ɗan kumfan ruwan nan irin na magina ya zauna a tsakiya. In ya karkata ko kaɗan, kana juyawa titi yana gangarewa daga cikin hoton. Da na daidaita, a shimfiɗaɗɗen wuri ya yi abin a yaba. Layukan bango sun miƙe sambal kamar da rula aka ja su, har 1/25 na samu biyu masu kyau, abin da hannuna bai taɓa yi ba.

Amma shi kan nan hanya ɗaya ya sani. Titi kuwa yana da tudu da gangara, mota tana lotsawa tana tasowa, in na saki makunnin sama da ƙasa don in bi ta, ribar ta tafi. Ga nauyin juyin, an yi shi ne don bin amarya tana takawa, ba Hummer bas da ta taso daga Kaduna ba. Ga shi kai ne kake kewaya shi maimakon ka juya a inda kake. Sau biyu ina tuntuɓe da ƙafarsa.

Abin da ya tashe mu ma daban ne. Ƙafafu uku a bakin titi da mutum yana leƙe ta ciki, ashe kama muka yi da masu awo. Wani dattijo mai shagon kayan masarufi ya tako a hankali.

"Salamu alaikum. Malam, lafiya dai ko? Faɗaɗa titin za a yi?"

"A'a Baba, hoton motoci nake ɗauka."

"Motocin wa?"

Kafin in gama bayani mutum takwas sun taru, wani yana tambaya ko rusau zai kai layinsu. Sai da na nuna musu bayan kyamara ɗaya bayan ɗaya, aka yi dariya, Baban ya aiko mana da ruwan leda. Duk da haka na naɗe kayana. Da kyamara a hannu ba wanda ya taɓa tanka mini.

A hanyar gida yarona ya nuna mini bidiyon da ya yi da waya yana kwaikwayona. Ya tsayar da shi a wani wuri, turakun lantarki duk sun jingina gefe guda. Ya ɗauka wayar ce ta lalace. Sensar waya layi-layi take karanta hoto daga wannan gefe zuwa wancan, kafin ta kai ƙarshe turken ya matsa. Abin ma ya girmi waya nesa ba kusa ba. Akwai sanannen hoton motar tsere da Bafaranshen nan Jacques Henri Lartigue ya ɗauka tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya: tayar baya ta zama kamar ƙwai ta karkata gaba, 'yan kallo sun karkata baya, gaban motar ma ya fice daga hoton. Labulen shotarsa tsaga ce mai ratsawa a hankali, shi kuma rakiyarsa ba ta kamo gudun motar ba. Kuskure biyu a hoto ɗaya, ga shi har yau ana bugawa. Na ɗan ji sanyi a raina.

Asabar, 28 ga Disamba

Na manta Asabar ɗin ƙarshen wata ce, tsaftar muhalli, ba fita sai ƙarfe 10. Kafin a saki hanya hasken safe ya tafi. Na yi atisaye da yaran layi masu keke a 1/20.

Da yamma na shiga kasuwa na sayo mai ƙafa ɗaya, sandar nan mai zugewa, da zoben da ake ɗaura wa lensi. Zoben ba na kamfanin ba ne, kwaikwayo ne, kuɗin na asali ya fi ƙarfina. Noti a kan sandar baki biyu gare shi, 3/8 da 1/4 na inci, sai da na juya shi ƙaramin ya koma sama.

Laraba, 1 ga Janairu, 2025

Titi ba cunkoso, na gwada sandar awa uku.

Da farko na ɗaura ta a gindin kyamara don in ga bambanci. Lensi yana rinjaya gaba, hannu yana faman tallafe. A zoben lensi kuwa nauyi ya zauna a tsakiya. Kyamara da lensi kusan kilo ɗaya da rabi ne, ba wani abu ba ne a minti biyar na farko, amma bayan awa guda kana jiran mota mai kyau ta ɓullo, shi ne ke sa hannu kyarma. Sandar ta ɗauke wannan gaba ɗaya.

Sai dai ita ma tana da halinta. Juyin yanzu a kan sanda yake, ba a ƙuguna ba, don haka in rakiyar ta yi faɗi dole kaina ya zagaya. Na matso da ƙafarta tsakanin ƙafafuna, na kuma sassauta zoben kaɗan yadda ko sandar ta karkata zan iya riƙe kyamara a miƙe. Daga nan abin ya faɗa.

Ana cikin haka gaɓar tsakiya ta zame. Ina danne da ido a jiki, sanda ta nutse, kyamara ta sauka, na bi ta, gira ta haɗu da bakin madubin leƙe. Ba jini, sai ƙulu. Arha ba ta ado. Na matse makullan da ɗan makulli mai kusurwa shida, ban ƙara jingina nauyina a kanta ba.

Hukuncina zuwa yau: daga 135 zuwa 200, mota tana nesa mita 40 ko fiye, juyi kaɗan ne, sanda ta fi. A 70, mota tana kusa, hannu zalla ya fi ta sakewa. A 1/125 ban ga bambanci tsakaninsu ba sam. A 1/40 ne sanda ke nuna kanta, jan sama da ƙasa ya kusa ɓacewa daga ɓatattun hotunana.

Lahadi, 5 ga Janairu

Yau aka fara na gaske. Kawu ya ba da mota biyu, fara da baƙa, ƙanina ne direba. Mun bar babban titi muka samu wata sabuwar kwalta a bayan gari da ba kowa, da layin darbejiya da katangar bulo a bayanta. Bango yana da muhimmanci fiye da yadda na zata. Fili fetal da hazo ba abin da zai ja, dole a samu ganye mai tsaga haske, ko turaku, ko fenti kala-kala.

Ƙanina ya zo da zumuɗi. Zagayen farko ya wuce kamar an jefo shi.

"Yaya, in ƙara wuta?"

"Rage. Arba'in nake so, kada allura ta motsa."

"Arba'in? To ina gudun?"

Gudun a shota yake. Mota mai 80 a 1/125 santimita 18 take ci. Mai 40 a 1/30 tana cin 37, ninki biyu. Wato wadda ke tafiya a hankali ita za ta fi kama da mai tashi sama, ga sauƙin rakiya, ga motar mutane ba a jefa ta cikin haɗari ba. Waya a kunne, ina ce masa taho, ya wuce, ya juyo. Zagaye 26.

Farar ba ta ba ni wahala ba. Baƙar ce fokas ya riƙa nema yana dawowa, jikinta sumul ba abin kamawa. Na sa ya kunna fitilu na ɗora ɗigon a gefen fitilar gaba. Na kuma cire ND na sa filtar da ke kashe ƙyalli, tana cin kusan mataki biyu na haske, ta kuma share farin sama daga gilashi da bonet. Da yake hazo ya yi kauri yau, rana kamar faranti, hasken ya ishe ni a f/11.

Wanda na fi so: baƙar, 1/30, lensi a 100, da hannu. Tambarin da ke kan ƙofa ana karantawa, darbejiya ta zama koren ruwa.

Asabar, 11 ga Janairu

Kawu ya kawo jif, ya ce a kai ta burji. Nan lissafi ya juye. Jan ƙasa tana tashi a bayan taya, ita kanta ƙurar ta isa shaida cewa ana gudu, don haka na hau 1/250 ban rasa komai ba. Na tuna hotunan gasar Paris-Dakar na shekarun 1980, lokacin da take ratsa Agadas da Tenere: mota a daskare cak, yashi ya tashi kamar bango. Ba ruwansu da rakiya mai tsawo.

Na sa tela ya ɗinka mini 'yar jaka na cika da gero mudu ɗaya. A ƙasa na ajiye ta na ɗora lensi, na kwanta rub da ciki a wajen kwana, can gefe inda ko mota ta kauce ba za ta same ni ba, na ɗauke ta tana tunkarowa. Don wannan jakar ta yi. Don rakiya kuwa ba ta juyuwa.

Mun gwada mota da mota a kwaltar makon jiya, ni a kujerar baya da bel a ɗaure, gilashi a sauke, duka biyun a kan 30, lensi 18-135 a wajen 24, shota 1/30. Na ɗora jakar geron a bakin taga ina ganin dabara ce. Duk girgizar mota ta bi ƙarfe ta shiga kyamara. Da na ɗaga hannu na daina taɓa jikin motar ko'ina, hannaye suka shanye girgizar, hotuna suka gyaru. Igiyar kyamara sau biyu na naɗe ta a wuyan hannu.

Ban canza lensi a waje ba ko sau ɗaya, a cikin mota da gilashi a rufe nake yi. Duk da haka sensa tana bukatar wanki.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na kai wa Kawu guda 9 a waya, biyu kuma na buga su manya. Ya daɗe yana kallon na baƙar motar, ya sa tabarau, ya cire.

"Ta yi kyau ƙwarai. Amma ina rim ɗin? Mai saye rim yake fara dubawa."

"Kawu, ai juyawa yake yi."

"To a tsayar da shi mana, sauran su yi ta gudu."

Mun daidaita a kan kowace mota za ta samu na gudu ɗaya a gaba, na tsaye su biyo baya. Ya riga ya sa ɗaya a WhatsApp kafin in bar wurin.

Saura 3. Ina son su da magariba, fitilun mota a kunne, na shaguna suna ja a baya, wajen 1/15, ba filta. Ban taɓa samun mai kyau a wannan saurin da hannu ba, kuma bana son filashi a idon direba. Na sake aro mai ƙafa ukun bidiyon, tunda kwaltar bayan garin a shimfiɗe take kuma ba masu shago kusa. Amma in ba shaguna ba fitilun da za su ja, sai na nemi wani wurin. Ƙanina ya ce akwai layin masu shayi da masu gyaran waya ta hanyar Maɗobi da ke haskakawa tun kafin isha. Gobe bayan la'asar zan je in gaisa da su tukuna, ba tare da kyamara ba. Kyamarar ma tana wajen mai gyara, sai Laraba.